Godiya ga waɗanda suka tsaya mini a jinyar ciwon mafitsara

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Alhamdulillahi, jiki ya yi sauƙi, har ina kwana ba tare da zaryar banɗaki ba. Don haka na ga ya kamata in fito in yi godiya a bainar jama'a, kamar yadda kuka yi mini addu'a a bainar jama'a.

Na kusa da ni sun san abin da na sha: raɗaɗi a mara kamar an ajiye garwashi, fitsari ya matsa ni, in je in ga ɗan ɗigo ne, barci kuwa sai wanda ya sace ni. Amma takardar gwaji ta fi ciwon ci mini rai. Duk sanda aka kai fitsarina ɗakin gwaji sai ta dawo da cewa babu ƙwayar cuta. Har wasu suka fara yi mini kallon mai raki.

Bayan Allah, godiyata ta farko ga likitar da ta zauna ta saurare ni har na kai aya. Sai da ta tabbatar ba tsargiya ba ce, ba tsakuwa ba, ba tarin fuka da ya sauka mafitsara ba, aka kuma leƙa ciki da 'yar kyamara don kawar da zargin sankara. Sannan ta yi mini bayanin da ya kwantar mini da hankali tun kafin magani. Ashe ma'aunin da ɗakunan gwaji da yawa ke bi, wato ƙwayoyin bakteriya 100,000 a kowace mililita ta fitsari, ya samo asali ne daga binciken Edward Kass a Amurka a shekarun 1950, kuma an gina shi ne a kan cutar da ta haura ƙoda. Mace na iya ɗauke da ƙwayoyin da ba su kai wannan adadi ba, tana kuma shan azaba. Balle wadda ke ɗirkar ruwa saboda zafi, fitsarin ya tsinke. A 2003 kuma, masu bincike a ƙarƙashin Scott Hultgren a birnin St. Louis sun nuna a jikin ɓeraye cewa bakteriyar E. coli, wadda ita ce ke haddasa mafi yawan cututtukan mafitsara, tana iya kutsawa cikin bangon mafitsara ta yi gungu ta lafe, inda magani na 'yan kwanaki ke wuyar kai mata.

Abin da ya sa na ƙara ganin girmanta shi ne ba ta ɓoye mini cewa likitoci sun rabu a kan wannan magana ba. Marigayi Farfesa James Malone-Lee na Landan ya shafe shekaru yana yi wa irina magani da antibayotik na dogon lokaci, yana bin adadin fararen ƙwayoyin jini a ɗanyen fitsari, wato wanda aka duba nan take da yin sa. Ƙungiyar likitocin mafitsara ta Amurka kuwa ta ce kada a ba mai daɗaɗɗen ciwon mafitsara da gwaji bai nuna ƙwayar cuta ba antibayotik na dogon zango, domin wasu ciwonsu daga jijiyoyi ne ko ɗaurewar naman ƙasan mara, babu ruwan bakteriya. A ganina likitan ƙwarai ke nan, wanda zai shimfiɗa maka amfani da haɗari, ku yanke shawara tare.

Nawa dai da aka duba fitsari nan take a madubin likita, an ga fararen ƙwayoyin jini birjik. Aka ɗora ni a kan magani, ana duba hanta da ƙoda lokaci zuwa lokaci, daga baya aka mayar da ni kan methenamine, maganin da ba antibayotik ba, wanda wani babban gwaji da aka wallafa a Birtaniya a 2022 ya nuna bai gaza antibayotik na kullum ba wajen hana ciwon dawowa. Sauƙin a hankali ya zo, da ci gaba da koma baya. Ina godiya ga ma'aikacin ɗakin gwajin da bai taɓa ƙosawa da ni ba, da baiwar Allah mai gashin ƙashi da ta koya mini sassauta naman mara.

Maigida, Allah ya saka maka da Aljanna. Ka yi haƙurin da ba kowane namiji ke iyawa ba, ba ka taɓa nuna mini gajiya ko a fuska ba. Hajiyarmu, Allah ya ƙara girma da nisan kwana, addu'arki ta kama ni. Yaya, ke kika riƙe mini yara kamar naki, ba ni da bakin gode miki.

Ga 'yan uwa mata da ke turo saƙo suna neman sunan antibayotik ɗin da na sha, ku yi haƙuri, ba zan bayar ba. Shan sa barkatai ne ke sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani, wasu magungunan kuma irin su nitrofurantoin na iya taɓa huhu da hanta idan an daɗe ana sha. Ku nemi likitan mafitsara, ku ce a duba ɗanyen fitsarinku, ku kuma faɗi duk abin da kuke ji ba kunya.

Waɗanda suka kira wayata a rufe, na ga saƙonninku, zan bi ku ɗaya bayan ɗaya in sha Allahu. Allah ya bar zumunci, ya ba sauran marasa lafiya lafiya.