Ranar awo ku tambayi uwa ko tana hira da jaririnta

Ƙannena masu karatun aikin jinya, musamman ku da za a tura wajen awo da riga-kafi, akwai abin da na yi shekaru ina sakaci da shi kuma ba na so ku gada. Ni duk bayanina a kan kilo yake ƙarewa, nono zalla wata 6, kati, ruwan gishiri da suga, sai uwa ta saɓa goyonta ta tafi, ban taɓa tambayar wata ko tana yi wa ɗanta magana ba, kuma ɗaliban da suka biyo ta hannuna haka suka koya. Wallahi har yau abin yana damuna.

Alhali yaro tun yana ciki, wajen wata na 7, yake jin muryar uwarsa. Kuma ba jin kawai ba ne, amsawar ita ce aikin, bayan an haife shi ya yi gwarancinsa uwa ta kalle shi ta mayar masa, ya ƙara ta ƙara, da haka jijiyoyin ƙwaƙwalwarsa ke ɗaurewa da juna. A 2003 Patricia Kuhl ta Jami'ar Washington ta gwada jarirai 'yan wata 9 a Amurka, aka yi musu zama 12 na Sinanci. Waɗanda mutum ya zauna gabansu yana wasa da su sun iya rarrabe sautukan yaren, waɗanda aka kunna wa bidiyo kuwa ba su ɗauki komai ba. To ku faɗa wa iyaye katun a waya ba ya koya wa jariri magana, Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2019 cewa ta yi kar a ajiye wanda bai kai shekara ba gaban allo sam.

Inda za ku sha wuya shi ne ɗan fari. Uwa tana kunya, ko sunansa ba ta faɗa balle ta yi masa wasa gaban surukai, don Allah kar ku yi mata faɗa a cikin layi, ku ja ta gefe ku ce lokacin shayarwa da wanka ai daga ita sai shi, ta yi masa waƙa, ta gaya masa abin da take yi. Ku jawo kaka da yayye ciki, baban ma.

Sannan in yaro ya kai wata 9 ba ya waiwayar sauti ba ya gwaranci, musamman wanda ya yi sanƙarau ko shawara mai tsanani, kar ku ce nauyin baki ne na gado, ku tura a duba kunnensa.