Godiya ga Allah, da mutanen Lombok da suka sauko min da ɗana daga kan dutse

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Alhamdulillah mun dawo gida lafiya tun ranar Talata, kuma yaron da kuke ta tambaya ya fara taka ƙafar da ya ji ciwo a kan dutse. Saƙonninku sun yi yawa wlh na kasa bin kowa ɗaya bayan ɗaya, shi yasa na ce bari in zauna in rubuta a nan gaba ɗaya, wanda ya ji labarin rabi da rabi ya ji yadda abin ya faru, ni kuma in sauke nauyin godiyar da ke wuyana, don akwai bayin Allah da har in koma ga mahaliccina ba zan manta da su ba.

Hutun yara ne muka tafi tsibirin Lombok a ƙasar Indonesiya, yana gabas da Bali, ni da Abbansu da yara uku da Hajiya surukata. Babban yaron ne ya dame mu da zancen dutse mai aman wuta tun da aka koya musu a makaranta, Abbansu ya ce to in dai za a je a je inda ba za mu sha wuyar abinci da wurin sallah ba. Haka kuwa aka yi. Mutanen wajen ƙabilar Sasak ne, yawancinsu Musulmi, har kirari ake wa tsibirin da mai masallaci dubu, da asuba kiran sallah ta kowace kusurwa. Abin da ya fi ba Hajiya mamaki alƙibla, mu da muka tashi muna kallon gabas sai ga mu muna fuskantar wajen faɗuwar rana, ta jima a kan darduma tana cewa ikon Allah.

Dutsen sunansa Rinjani, tsawonsa mita 3,726, shi ne na biyu a tsawo cikin duwatsu masu aman wuta na ƙasar. Mu ba ƙololuwa muka nufa ba, bakin babban ramin da ke saman dutsen kawai, wajen mita 2,600, a kwana ɗaya a tanti a sauko. Muka bar Hajiya da 'yan matan biyu a ƙauyen Senaru gidan da muka sauka, ni da Abbansu da yaron muka kama hanya da sassafe da ɗan jagora ɗaya da 'yan dako uku.

To 'yan dakon nan su ne dalilin wannan rubutun. Kowannensu da gora a kafaɗa, kwando gaba kwando baya, tanti da ruwan sha da tukunya da ƙwai da abarba duk a ciki, kaya sama da kilo 20, kuma silifas ne a ƙafarsu, silifas ɗin wanka wlh, mu da takalman hawa dutse muna haki su su wuce mu da murmushi suna cewa "pelan-pelan, Ibu", wato a hankali Mama. Kafin mu iso zango sun riga sun hura wuta sun dafa taliya da shayin citta. Na ga kafaɗar babbansu da ya sauke gorar zai yi alwala, wajen ya yi kanta ya yi baƙi kamar tafin ƙafa. Shekaru ne a wajen nan. Na kau da kai don kar ya ga ina kallo.

Wajen awa takwas muka yi muna hawa, da fari daji mai duhu da birai a sama, daga baya bishiyoyi suka ƙare sai ciyawa da ƙura da duwatsu. Da muka leƙa bakin ramin gab da magariba ni dai kuka na yi. Tafki ne shuɗi shar a can ƙasa cikin ƙoƙon dutsen, suna ce masa Segara Anak, wato ɗan teku, a gefensa kuma ga wani ƙaramin dutse baƙi ƙirin da ya tsiro daga ciki, Barujari, shi ne mai rai har yanzu, a 2015 tokarsa sai da ta sa aka rufe filayen jirgi a Lombok da Bali. Gajimare yana ƙasa da mu. Ɗan jagoranmu ya zaunar da yaron ya ce masa wannan ramin da kake gani da wani katafaren dutse ne a wajen mai suna Samalas, a shekarar 1257 ya fashe ya rufta, fashewar da tana cikin mafi girma da aka yi a duniya cikin shekaru dubu biyu da suka wuce, har a ƙanƙarar ƙarshen duniya ta arewa da ta kudu masana sun tarar da alamarta, kuma sai a 2013 aka gano cewa daga nan Lombok ta fito. Su kuwa kakanninsu tuni sun rubuta labarin a ganyen wata bishiya 'yar uwar giginya, har da sunan garin Pamatan da ya halaka. Yaron ya yi shiru bai ƙara magana ba har aka yi isha'i. Daren nan sanyi kamar ya tsaga ƙashi, ɗaya daga cikin 'yan dakon ya miƙo min bargonsa na ƙi karɓa, ya ajiye a bakin tanti ya tafi abinsa.

Washegari wajen saukowa ne ƙaddara ta faɗa mana. Mun ɗan wuce zango na uku, ƙasar wajen tana da santsi ga saiwoyi, yaron ya taka wata saiwa ƙafar ta juye ya tafi ƙasa, ƙarar da ya yi har yanzu tana kunnena. Kafin ka ce kwabo idon sawun ya kumbura suntum, ya kasa ko dafa ƙasa da shi. Babu mota babu babur a wajen, sabis yana zuwa yana ɗaukewa, tsakaninmu da ƙauye tafiyar awanni, ni jikina sai rawa yake ina ta innalillahi, Abbansu ya ce zai goya shi ya yi taku kaɗan shi ma gwiwarsa ta ƙi.

Ba su ko yi shawara da mu ba. Babban ya kwance zanen da ke ƙugunsa ya ɗaure ƙafar da kara biyu, suka juye kayan mutum ɗaya a kan sauran biyun, shi kuma ya goya yaro ɗan shekara 14 da ya kusa kai shi tsawo ya ɗaure shi da zane kamar jariri. In ya gaji wani ya karɓa, kayan su koma kan wanda ya sauke. Haka suka yi ta karɓa-karɓa a gangare mai santsi da silifas, sama da awa biyar, ba wanda ya yi tsaki ba wanda ya yi zancen kuɗi. Ƙaraminsu yana ta koya wa yaron ƙirga da yarensu don ya manta da ciwon. Ina biye da su ina kallon duga-dugansu duk faso, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Ya Allah ka san su ko ban faɗi sunansu ba, ka tsare musu gwiwoyinsu da bayansu, ka sa 'ya'yansu su huta da abin da iyayensu suka sha, ka haɗa mu a aljanna. Da Abbansu ya ƙara musu rupiya a kan kuɗin aikinsu sai da aka yi ta fama kafin suka karɓa. Don Allah duk wanda Allah ya kai shi wajen nan kar ya tsaya ciniki da ɗan dako, abin da ake ba su bai kai guminsu ba.

Sai uwar gidan da muka sauka. Ita ta riƙe Hajiya da 'yan matan da labari ya iso ƙauye kafin mu, ta hana Hajiya fita titi, ta zauna da ita suna jan carbi ba mai jin yaren wani. Daga baya ta ba mu labari ta bakin ɗanta cewa ta san zafin jiran wanda ke kan dutse, girgizar ƙasar ƙarshen watan Yuli 2018 ta rutsa da ɗaruruwan mutane a saman Rinjani har da mijinta, mako guda bayan nan kuma babbar ta zo ta rushe musu gida, mutum sama da 500 suka rasu a tsibirin a girgizar shekarar. Ibu, Allah ya saka miki da alheri, ya jiƙan waɗanda kuka rasa.

Ina godiya ga ma'aikaciyar jinyar ƙaramin asibitin da ta duba shi da daddare, da direban da ya kai mu Mataram, babban birnin tsibirin, aka ɗauki hoton ƙashi ya zauna jiranmu har ƙarfe ɗayan dare. Alhamdulillah ba karaya ba ce, targaɗe ne mai tsanani, aka naɗe da bandeji aka ba shi sanduna. Sauran kwanakin a ɗan tsibirin Gili Air muka yi su, can ba mota sam sai keke da keken doki, yana zaune a inuwa da ƙafa a kan filo ƙannensa suna kawo masa labarin kunkurun ruwan da suka gani.

Yaya, kin kwana a waya da ni ranar, ba ki yi barci ba duk da bambancin lokaci, Allah ya bar zumunci. Ƙanina da ya yi ta faɗi-tashi har aka canza mana kujera a jirgi don yaron ya miƙe ƙafa, na gode ƙwarai. Maƙwabta da suka kula mana da gida, da malaman makarantarsu da suka kira, da ku duka da kuka yi ta addu'a wasu ma ban taɓa ganinku ido da ido ba, Allah ya biya ku ya tsare muku zuri'a. Wanda ya kira ban ɗauka ba ya yafe min, hankalina ba ya jikina ne a lokacin.

Ranar Litinin za mu koma wajen likita a kwance bandejin, ku ci gaba da sa shi a addu'a. Zanen da aka ɗaure masa ƙafa da shi mai shi ya ƙi karɓa ya ce yaron ya riƙe, na wanke na goge, yana nan a ninke a ƙarƙashin filonsa.