Kibiyar da ta samu ɗan aike

Asabar, da dare.

Zaman Dungeons & Dragons na yau, wasan tebur da kowa ke taka rawar wani a cikin labari ana jefa dayis, ya tsaya cak kusan awa guda a kan kibiya ɗaya. Ayari ya yada zango a bakin kurmi, maharbi ke gadi. Jagoran wasa ya ce, "Ga mutum nan da gudu ya nufo ku, wani abu na ƙyalli a hannunsa." Maharbi bai tambayi komai ba, ya jefa dayis mai fuska 20 don harbi, ya samu 17, kibiya ta sami mutumin. A dokokin bugu na biyar na 2014, makin ran talaka, wato yawan raunin da zai iya ɗauka kafin ya faɗi, 4 ne kacal, dogon baka kuwa yana cin 1 zuwa 8, ban da ƙarin gwaninta. Da aka juya gawar, sai ga kwalbar magani. Ɗan aike ne.

Maharbi ya ce kare kai ya yi. Jarumi mai rantsuwa, wani ɗan wasan, ya ce kisan kai ne. A ganina duk sun yi gaggawa. Abin dubawa shi ne me maharbin ya sani a lokacin, kuma waɗanne ƙofofi doka ta buɗe masa.

Mutumin yana nesa da ƙafa 120. Gudun talaka ƙafa 60 ne a zagaye, zagaye kuma daƙiƙa 6 ne. Ke nan akwai zagaye biyu kafin ya iso. Tsawa ba ta cin mataki, wato aikin da ɗan wasa ke da damar yi a juyinsa, "Tsaya nan!" kyauta ce. Akwai kuma ɗana mataki: ka ja baka, ka ce, "In ya shigo ƙafa 30 bai tsaya ba, na saki." Asarar kawai ita ce, wanda ke da hari biyu zai samu ɗaya, don ƙarin hari a kan juyinka kaɗai yake aiki. Shi ya sa 'yan wasa ke ƙyamar ɗanawa.

Sumar da mutum maimakon kashe shi yana yiwuwa, amma da bugun kusa kawai. Takobi na da wannan zaɓin, kibiya ba ta da shi.

Bayan faɗuwar ma an yi sake. Jagora na da ikon barin ɗan aiken ya yi jifan neman rai, inda faɗuwa uku ke nufin mutuwa, kuma gwajin jinya na 10 ya isa ya tsayar da jini. Ko da ya cika, tsafin Revivify na tayar da shi cikin minti ɗaya da lu'ulu'u na zinariya 300. Zagaye goman nan a binciken jakarsa suka ƙare.

Jagora ma da nasa kason. Kalmar "ƙyalli" tarko ce, kuma duk baƙon da ya taɓa fitowa daga duhu a wannan labari maƙiyi ne. Da hannunsa ya koya musu harbi kafin tambaya. Ya kamata ya ba da gwajin gani, wato jifan dayis don gane abin da ke hannun mutumin, ko da a hasken dushi-dushi dayis biyu ake jefawa a ɗauki ƙarami.

Ba a sauya wa maharbi matsayinsa na "nagari" a takardar bayanansa ta wasa ba, kuma na yarda da hakan. An dai rubuta cewa kwalbar na jakar maharbin, marar lafiyar da aka aiko dominsa kuma na can cikin ayarin, bai san komai ba tukuna.