Kuɗin Haya Ba Duka Ne Riba Ba

Mai sayar da gida zai gaya maka abin da gidan yake kawowa a shekara, amma da wuya ya gaya maka abin da yake ci. Kafin ka biya ko sisi, zauna da biro da takarda. A ce gidan ya tsaya maka miliyan 20, har da la'adar dillali da kuɗin lauya da gyaran farko, hayarsa kuma miliyan 2 ce a shekara. A ido, kashi 10 cikin ɗari ke nan, jarinka ya dawo cikin shekara 10. To, cire wata guda da gidan zai iya zama babu kowa, wajen 167,000. Ware kashi 1 cikin ɗari na darajar gidan domin gyara, 200,000. Idan wakili ne zai riƙa karɓar maka haya a kan kashi 10, wasu 200,000 sun tafi. Haraji da inshora, a ce 133,000. Abin da ya rage miliyan 1.3 ne, wato kashi 6.5, kuma sai jarin ya haura shekara 15 kafin ya dawo. Idan da bashi za ka saya, kuma abin da ake biya a kan bashin ya fi wannan ragowar, to kai ne za ka riƙa ciyar da gidan daga aljihunka.

Takardun mallaka kuwa, lauyanka ne zai binciko su a ofishin rajistar filaye, ba lauyan mai sayarwa ba: sunan wa ke kai, an jinginar da gidan ko ba a jinginar ba, akwai magada ko shari'a a kansa.

Wajen duba ginin, ruwa za ka fi sa wa ido, domin shi ne yake cin gida a ɓoye. Je ka bayan an yi ruwan sama. Ɗaga kai ka nemi tabo a silin, sannan ka sunkuya ka shafa gindin bango. Fenti mai kumbura ko farin gishiri a jikin filasta alama ce danshi yana hawowa daga ƙasa. Idan ka ga sabon fenti a ƙasan bango kaɗai, sama kuma tsoho, tambayi dalili. Buɗe kowane famfo, zuba ruwa a banɗaki ka ga saurin tafiyarsa. Siririyar tsaga a filasta ba abin tashin hankali ba ce. Wadda ta taso a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, faɗinta ya kai milimita 5, ita ce ke iya nuna harsashin ginin yana motsi, kuma injiniya ya kamata ya gani, ba mai fenti ba. Ƙwanƙwasa katakon rufi saboda gara. Yoyon da kwano ɗaya zai toshe yau, idan aka bar shi damina biyu, sai ya ci katako da silin da wayar lantarki.

Gara ɗaki ya ƙara wata guda a rufe da ka sa wanda zai yi shekara bai biya ba. Nemi shaidar abin da mai neman hayar yake samu. Idan hayar ta wuce kashi ɗaya cikin uku na samunsa, jinkiri na nan tafe ko da mutumin kirki ne. Tambayi mai gidan da ya baro. Yarjejeniya a rubuce take, ko da ɗan'uwanka ne, musamman ma ɗan'uwan: nawa, yaushe, mutum nawa za su zauna, wane gyara ne na wa, wa'adin tashi, da sharaɗin mayar da kuɗin ajiya. Ranar ba da makulli ku ɗauki hoton kowane ɗaki da lambar mita, ku sa hannu ku biyu. Kowane sashe da mitarsa, don mitar haɗaka ba ta rabuwa da rigima.

Ƙarin haya ma lissafi yake so. Ka ƙara kashi 10 a kan miliyan 2, ka samu 200,000; mai biya a kan lokaci ya tashi, gidan ya yi wata biyu a rufe, ka rasa sama da 330,000, ban da fenti da la'ada.

Idan biya ya tsaya, rubuta wa mai hayar tun makon farko, ka ajiye kwafi. Kada ka cire ƙofa, ko ka yanke wuta, ko ka fitar da kayansa waje. A dokokin ƙasashe da yawa hakan laifi ne, sai mai bin bashi ya koma mai biyan diyya. Ba shi takardar wa'adi yadda dokar wurin ta tsara, in ya ƙi tashi, ka kai rasit da yarjejeniya gaban kotu.