Mako na uku da saiwar albasa

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyo. Ga inda aka kwana a ƙoƙarina na ganin yadda ƙwayoyin halitta ke rabuwa a saiwar albasa.

Albasar da na sayo a Farin Gada na ɗora ta a bakin kofi, gindinta yana taɓa ruwa. Sanyin Jos ya sa saiwoyin suka yi ta nawa, sai da na matsar da kofin kusa da murhu suka saki jiki.

Mako biyu ina yanko tsakiyar saiwa ina sa wa a madubin ƙara girma, ba na ganin komai sai dogayen ƙwayoyin halitta a jere kamar bulo, kowace da ɗigo ɗaya a ciki, babu mai motsin rabuwa. Ashe wurin yankan ne ba daidai ba. Shekaranjiya na yanko bakin saiwar kawai, kamar milimita 2, na tausasa shi, na ɗiga shuɗin rini, na rufe da siririn gilashi na danne da babban yatsa. Allahu Akbar! Ƙwayoyin nan ƙanana ne, a cunkushe. A cikin wata ƙwayar, kuromosom, wato zarurrukan da ke ɗauke da sinadarin gado, sun jeru a tsakiya kamar sahun sallah. A cikin wata ƙwayar kuma sun rabu gida biyu, sabon bango yana fitowa tsakaninsu. Albasa tana da kuromosom 16, ni dai tara na iya ƙirgawa kafin idona ya gaji.

Wannan bangon shi ya fi tsaya mini a rai. Ƙwayar tsiro ba ta tashi daga inda aka haife ta, bango ya riƙe ta. Saboda haka ɓangaren da ta tsaga kanta, da ɓangaren da ta miƙe, su ne ke sa saiwa ta zama siririya, ganye ya zama mai faɗi.

Don in tabbatar, na jiƙa wake, na yi wa saiwarsa ɗige-ɗigen tawada, milimita ɗaya tsakani. Washegari ɗigon da ke can sama suna nan yadda na bar su, amma na bayan baki kaɗan sun yi wa juna nisa sosai. Wato a baki ake haihuwa, a bayansa ake yin tsawo, yawanci da ruwan da ƙwayar ke sha ta kumbura.

To yaya ƙwaya take sanin ta isa rabuwa? A 2021 masu bincike a cibiyar John Innes da ke Ingila sun nuna wata hanya a wani ƙaramin tsiro mai suna Arabidopsis. Akwai furotin mai suna KRP4 da ke riƙe ƙwaya kada ta fara kwafar sinadarin gadonta. Yana maƙale wa kuromosom, don haka 'ya'yan biyu kowace tana gadon daidai da 'yar uwarta. Wadda aka haifa ƙarama, furotin ɗin ya yi mata kauri, sai ta jira ta girma ya tsinke, kamar gishiri a miya idan an ƙara ruwa. Babbar kuwa ba ta daɗewa. Da haka girmansu ke daidaita.

Yanzu na sa tafarnuwa a kofi biyu, ɗaya a taga ɗaya a kicin, zan ƙirga masu rabuwa a kowanne. Wanda zai gwada ya yanki bakin saiwar tun tana sabuwa fara, kuma kada ya murza gilashin yayin dannawa, ƙwayoyin hawa juna suke yi.