Black Country, New Road: na je ban san waƙa ko ɗaya ba

Har yanzu in na tuna kuɗin jirgin ƙasan nan sai raina ya sosu. Lokacin ina karatu a arewacin Ingila, kuɗin hannuna a ƙirge suke, amma na ce ko da bashi sai na ga ƙungiyar mawaƙan nan ta Black Country, New Road ido da ido. Na yanki tikitin wasa, na yanki na jirgi mai rangwame, irin wanda ba a mayar maka da ko sisi, na biya masauki tun da wuri. Sai ga sanarwa ranar 31 ga Janairun 2022: mawaƙinsu Isaac Wood ya bar ƙungiyar saboda halin damuwa da yake ciki, saura kwana huɗu kundinsu na biyu, Ants From Up There, ya fito. Aka soke wasannin da ke gabansu. Kuɗin wasa ya dawo, na jirgi da na masauki kuwa sun bi ruwa.

Ban ga laifinsa ba, lafiya ai uwar jiki ce. Abin da ya ɗaure min kai shi ne matakin da sauran shidan suka ɗauka: ba za su buga waƙoƙin da suka yi da shi a dandali ba. Kundin ya kai na 3 a jerin cinikin Birtaniya, ga shi sabo fil, amma suka ajiye shi gefe suka zauna rubuta wasu. Ni da na haddace shi kaf, na ce sun kashe kasuwarsu da hannunsu.

Da suka dawo dandali a shekarar na je, wannan karon da tikitin jirgin da ake iya canzawa, ya fi tsada amma na yi barci. Na shiga ban san baiti ko ɗaya ba, haka ma na kusa da ni. Tyler Hyde na rera waƙa da jitar bas a wuyanta, Lewis Evans ya ajiye saksofon ya ɗauki sarewa, shi ma ya karɓi tasa. Da May Kershaw ta fara wata doguwar waƙa a kan fiyano, a hankali kamar mai raɗa, wani ƙato da ya dame mu da surutu tun farko ya tsuke baki, kofinsa a hannu bai sake kurɓa ba har ganguna suka shigo. Waɗannan waƙoƙin ne suka naɗa a gidan wasa na Bush Hall da ke Landan a Disamba, suka fitar a 2023. A kundinsu na 2025, Forever Howlong, mata ukun ne ke rera komai, har da Georgia Ellery mai goge.

Ƙungiya irin wannan, da aka kafa a Cambridge a 2018 ta yi suna a ɗan ƙaramin gidan wasa na Windmill da ke unguwar Brixton a Landan, ba ta da tabbas: yau mutum bakwai, gobe shida, jibi wata murya daban. In kana son irinsu, ka je tun suna wasa a ƙananan ɗakuna, kar ka jira babban zaure. Kuma don Allah, masauki da jirgi, ka zaɓi waɗanda ake mayar da kuɗi. Nawa dai har yau ban huce ba.