Godiya ga waɗanda suka kai yaranmu Yankari

Assalamu alaikum. A madadin malaman makarantarmu da iyayen yara nake wannan rubutu, don mu gode wa bayin Allah masu aikin sa kai da suka kai ɗalibanmu 'yan aji shida gandun dajin Yankari a makon jiya, suka kuma dawo mana da su lafiya. Sun roƙe ni kada in ambaci sunan kowa. Na ji na bi, amma aikin kam sai na faɗe shi.

Wanda ba ɗan ƙasar Alkaleri ba zai yi mamaki in aka ce masa yawancin yaran nan ba su taɓa shiga Yankari ba. Tun 1962 aka buɗe dajin ga masu ziyara, mutane na tasowa daga Legas da Abuja har da Turai su zo wanka a Wikki, maɓuɓɓugar ruwan ɗumi da ke cikin dajin. Mu da muke bakin dajin kuwa, abin da muka sani game da giwa shi ne ɓarna. Kaka na yi garke zai fito, a dare ɗaya ya tashi gonar dawa ko masarar da mutum ya yi damina guda yana fama a kanta. Yaron da ya ga ubansa tsaye a gona da sassafe ya rasa ta cewa, da wane baki za ka gaya masa giwa dukiya ce? Mu malamai mun daɗe muna karanta musu haka a littafi, su ce "to, Malam", a wuce wurin.

Shi ya sa godiyarmu ta farko take ga Baba, tsohon ma'aikacin daji da ya yi ritaya, wanda ya yini tare da mu ko sisi bai karɓa ba. A hanyar kogin Gaji ya sa direba ya tsaya, ya nemi izinin jami'in da ke rakiyarmu, ya tara yaran a kan tulin kashin giwa. Suka toshe hanci suna dariya. Ya sa kara ya farfasa shi, sai ga ƙwallayen aduwa a ciki. Ya ce, "'Ya'yana, ku duba da kyau. Ta ci a can, ta zo ta ajiye a nan, ga taki a shirye. Ruwa na sauka zai tsiro. Itatuwan da kuke gani, da yawansu ita ta shuka." Wani yaro da giwa ta cinye gonarsu bara ya ce, "To Baba, don me take zuwa tamu?" Baba bai kwashe masa baki ba, bai kuma yi masa daɗin baki ba. Ya gaya masa hanyoyin da kakannin giwayen nan suke bi tun kafin a haife shi yau duk sun zama gonaki, kuma dawa ta fi ganye daɗi ko a wurin dabba. Ya ce asarar ubansa asara ce ta gaske, kada kowa ya raina ta. A ganina wannan amsa ita ce darasin ranar, domin ranar ce aka fara yi wa yaran nan maganar daji ba tare da an mai da iyayensu masu laifi ba.

Giwar kanta ba mu gan ta ba, sai sawunta a laka, wanda yara biyu suka zura ƙafa a ciki ya ɗauke su. Daji ne mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, giwayen da suka rage kuma ba su da yawa, ko da yake suna cikin garke mafi girma da ya saura a Najeriya. Amma mun ga gwambaza da ɓauna da mazo sun sauko ruwa, kamar yadda suke yi da rani. A sansani kuma bika ya fizge wa wata yarinya biredi daga hannu, har yau ana labarin.

Muna godiya ga ɗaliban jami'a da suka zo daga Bauchi da Gombe da kuɗin motarsu. Kafin kowa ya taɓa ruwan Wikki sai da suka raba buhuna aka tsince ledar fiya wata da robobin lemo da ke bakinsa, yaranmu suka kama musu ba wanda ya sa su. Ruwan nan garai-garai yake fitowa daga ƙarƙashin dutse, da ɗumi wajen digiri 31 rani da damina, ana hango yashin ƙasansa. Abin takaici ne a ce baƙo ya sha ya jefar a wurin. Godiya ta musamman ga 'yan matan cikinsu. Iyaye da dama ba su yarda 'ya'yansu mata su je ba sai da ɗaya daga cikinsu, Anti, ta bi gida-gida ta ce ita za ta riƙe su, kuma ta riƙe amanar.

Sun kuma kai mu kogunan Marshall, ɗakuna 59 waɗanda mutanen zamanin da can suka sassaƙa a jikin dutse.

Ba za mu manta da jami'an tsaron dajin ba, waɗanda ke kwana a jeji suna fuskantar masu farautar sata, wasunsu har sun rasa rayukansu a bakin aiki. Allah ya jiƙansu. Haka masu gadin giwa na ƙauyukanmu, da ke buga waya da zarar garke ya doshi gonaki don a kora shi tun bai yi ɓarna ba. Direbanmu kuɗin mai kawai ya karɓa. Matan unguwa sun tashi tun asuba suka dafa mana dafa-duka. Mai gari shi ya fara ba da gudummawa. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya albarkaci zuri'a.

'Yan aji biyar sun sa mu gaba, kullum sai sun tambayi yaushe ne nasu. Muna so mu kai su kafin ruwa ya sauka, ciyawa ta rufe daji, dabbobi su watse. Matasan sun ce a shirye suke su dawo, mota ce kawai ta rage. Duk mai hali da niyya ya neme mu a makaranta.